Dodon Sarki Ne Ko Kuwa Cilin? A Duba Ƙafa

Tambaya: Na sayi wani tsohon allon katako a Guangzhou wanda aka sassaƙa masa dabba mai ƙaho da ɓawo irin na kifi, ga kuma yaro zaune a bayanta. Mai shagon ya ce dodon sarki ne, daga fada ya fito. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, kafin ka dubi kan dabbar, ka dubi ƙafafunta, domin masassaƙan ƙasar Sin sukan ba dabbobin almara kawuna masu kama da juna, amma ba sa haɗa musu ƙafa. Dodon da suke kira long yana da dogon jiki kamar na maciji da farata irin na gaggafa, kuma yawanci ana nuna shi cikin gajimare yana bin wani lu'ulu'u mai harshen wuta, saboda a wurinsu shi ne mai ruwan sama. Idan kuwa kofato ka gani, to cilin ce, wata dabbar almara daban da dodo, kuma yaron da ke bayanta ya ƙara tabbatar da haka.

Sinawa sun ɗauki cilin dabba ce mai taushin hali wadda ba ta taka ko da ɗanyar ciyawa, kuma suna cewa bayyanarta alamar adalcin mai mulki ce. Shi ya sa a 1414, da aka kawo wa Sarki Yongle raƙumin dawa daga Bengal, fadawa suka ce ai cilin ce ta bayyana. Cilin mai ɗauke da yaro kuma fatan haihuwar ɗa namiji ce, don haka an fi sassaƙa ta a gadon amarya da ƙofar kabad. Ina kyautata zaton allonka daga irin waɗannan kayan ɗaki aka ɓalle shi, musamman idan akwai sauran ruwan zinariya a lungunan sassaƙar, wanda aka san masassaƙan birnin Chaozhou na kudancin Sin da shi.

Batun fada kuwa, a zamanin daulolin Ming (1368–1644) da Qing (1644–1912) dodo mai farata biyar na sarki ne da iyalinsa, manyan hakimai kuma huɗu aka yarje musu. Sai dai tun da sarautar ta faɗi kowa yake sassaƙa biyar ɗin, saboda haka ko da faratan sun cika, ba hujja ba ce. In kana son sanin ko aikin hannu ne, ka juya allon ka duba bayansa: aikin hannu yakan bar sawun ƙarfe marar daidaito, na inji kuwa sumul yake fitowa.