Tambaya da Amsa: Akwatin feshin hoda don tsaftace halittun da suka zama dutse

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin duwatsu. Mun je aikin fili wajen Ashaka, na samo amonait guda shida, irin masu kama da dodon koɗi, amma duk farar ƙasa ta manne musu. An ce akwai akwatin da ake fesa hoda da iska a ciki a fito da su fes. In saya ne ko in sa kafinta ya haɗa mini? Kuma yashin rafi zai yi?
Ɗalibi daga Gombe

AMSA: Yauwa ɗana, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da maganar yashi, don ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ka kuskura. Yashi yana farfashewa ya zama ƙurar silika, ta shige huhu ta zauna, ta jawo cutar silikosis wadda ba ta da magani. Ko ba don huhunka ba, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yashi yana kan 7, ɓawon amonait kuwa yawanci kalsait ne, wani ma'adini mai laushi da yake kan 3. Kafin ka ankara ya cinye maka abin da kake son gani. Fara da hodar bekin soda, mai taurin 2.5. In dutsen ya ƙi, ka koma hodar dutsen dolomait, wanda taurinsa bai wuce 4 ba. Ka tankaɗe kowace hoda da rariya mai laushi, kuma wadda ta zube a akwati kada ka mayar da ita, ta riga ta gauraya da tsakuwa.

Shi akwatin, haɗa shi za ka yi. Manyan da ake sayarwa na masu kankare tsatsar ƙarfe ne, gilashinsu ya yi nisa da hannu, ba ka ganin ƙananan abubuwa. Ka ce wa kafinta ya yi maka na filawud, faɗi santimita 60, zurfi 40, tsayi kamar 30, da ramuka biyu a gaba na zura hannu. Sama a sa gilashi na gaske. Akwatina na farko roba mai kama da gilashi na sa masa don sauƙin kuɗi, sati bai cika ba ta dushe kamar hazon hunturu, hoda kuma ta dinga manne mata. Yanzu gilashin taga mai arha nake sa masa, in ya karce in zare in sauya. Fitilar LED biyu, ɗaya kowane gefe, su kashe inuwa.

Inda za ka zuba kuɗinka shi ne injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wadda ke tare ƙura mai laushi sosai. A huda masa rami ta bayan akwatin, a huda wani ƙarami a ɗaya gefen don iska ta shiga. Ga gwajin da nake yi kullum kafin in fara: in yagi 'yar takarda in kai bakin ƙaramin ramin. In ta manne, akwatin yana jan iska ciki. In ta faɗi, ƙurar nan hancina za ta nufa, sai in duba inda ya ɓalle. Duk da haka takunkumi ba ya barin fuskata.

Kwamfaresa irin ta masu faci ta isa, amma tana tara ruwa, don haka ka sa mata matarin ruwa a kan tiyo. A watan Agusta na sha wahalar wannan, hoda ta dunƙule kamar garin tuwo da ya sha raɓa, bakin alƙalamin feshin, wato ɗan bututun da ake riƙewa a hannu a fesa hodar, ya toshe. Ka busar da hodar, ka adana a kwalba mai murfi.

Ka fara da iska kaɗan, kamar psi 20 a ma'aunin ƙarfin iska, ka karkata alƙalamin, kada ka tsaya wuri ɗaya. Manyan ɓaraguzai allura za ta fara cire su, hoda ta ƙarshe ce. Zaɓi mafi muni cikin shidan ka koyi hannu a kansa. Da ka ga wasu layuka masu lanƙwasa sun fara bayyana kamar zanen lalle, ka ɗaga hannu nan take, domin da su ake gane jinsin amonait ɗin, kuma in hoda ta share su sun tafi ke nan. Ka rubuta wurin da ka tsinci kowanne da ranar a takarda, ka ajiye tare da shi kafin ya shiga akwatin.