Amsa ga mai fama da kumburin ciki bayan buɗa baki

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka ce kana wannan azumin na rage teɓa, awa 16 ba ci sai ruwa, amma da ka zauna ka ci sai cikin ya yi tam kamar ganga har numfashi da kyar. Wallahi na sha wannan wahalar, ni na Litinin da Alhamis nake yi a nan ƙauyenmu ta wajen Ringim.

Abin da na gano laifin ba na azumin ba ne, ramuwar gayya muke yi wa yunwa. Da can in na dawo daga gona malmala uku ta tuwon dawa nake tashi da ita, ga ƙosai ga fura ga ruwan randa moɗa biyu, duk cikin minti goma, to mai sauri iska yake haɗiya tare da loma, kuma abu mai maiƙo daɗewa yake bai bar tumbi ba. Yanzu kashi biyu nake yi, dabino uku da kunu rabin kofi, in tafi masallaci, sai bayan kamar minti 40 in ci tuwon, malmala ɗaya da rabi, ina taunawa a hankali. Ai hadisi ma ya faɗa, a kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi.

Wake kam ka kula da shi, akwai wani sinadari a cikinsa da hanji baya narkarwa sai ƙwayoyin cikin hanjin su ruɓar da shi ya zama iska, shi ya sa uwargida ke jiƙa shi tun dare ta zubar da ruwan kafin ta dafa. Lemon kwalba na bar shi kwata-kwata.

Kuma don Allah kar ka ci ka miƙe a tabarma, ka ɗan taka na minti 15, ni zagaya garke nake in duba dabbobi, in dawo in sha shayin citta. Jiƙon kanwa da mutanenmu ke ɗirka bana so, musamman ga mai hawan jini.

Amma fa in kana da olsa ko ciwon suga, ko ka ga bayan gida baƙi ƙirin, ko kana rama ba dalili, ajiye azumin ka je asibiti a duba ka tukuna. Allah Ya ba da lafiya.