Amsoshin Tambayoyinku: Sayayya Cikin Rashin Tabbas

Tambaya: A Farm Centre an yi min kuɗin waya dubu 300, na taya har aka sallama a 220. Na yi sa'a ko? (Wani matashi, Kano)

Ba lallai ba. Farashin da kunne ya fara ji shi ƙwaƙwalwa ke kafawa kamar turke, ta riƙa auna komai daga nan. Ka fara zaga shago uku kafin ka taya. Sannan danna *#06# a wayar, lambar shaidarta (IMEI) za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali.

Tambaya: Wata uku kuɗin keken ɗinki na hannuna, tsoron asara ya hana ni saye. (Wata baiwar Allah, Zariya)

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, haka Allah Ya yi mu. Tun 1979 masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna zafin asarar dubu goma ya fi daɗin samun dubu goma. Amma jiran ma asara ce, kaya kullum tashi suke. Ki sa rana, ki tafi da tela ya gwada keken a yadi mai kauri, ya duba ƙoshiya, sai ki biya.

Tambaya: Wata manhaja na ninka kuɗi a wata guda, abokina har ya cira. In zuba? (Wani ɗalibi, Kaduna)

Haba malam, har yanzu? Irin waɗannan masu alƙawarin ninka kuɗi, MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma duk sun biya waɗanda suka fara shiga. Kuɗin da abokinka ya cira na waɗanda suka shigo bayansa ne.

Ga abin da ke janka. A gwajin da aka yi da birai a 2003, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke sakin dopamin, sinadarin da ke sa ɗokin samun lada, sun fi motsi lokacin jira idan samun ladan rabi da rabi ne. Wato "ƙila in samu" kanta tana da daɗi. Sai a haɗa maka da "yau za a rufe rajista", don gaggawa na hana lissafi. Ranar da kuɗin suka maƙale kuma za a ce ka ƙara wani abu kafin ka cira, kai kuwa ka ƙara, don zuciya ba ta son yarda na farkon sun tafi.

Ka tambaye su me suke sayarwa da ke kawo wannan riba, ka duba ko suna da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari. In amsar ta zo da kame-kame, kada ka tura ko sisi.