Ina son haɗa bindigar wasan saiti da ɗan kuɗin da na tara, da wane sashe zan fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Samaru, Zariya. Na daɗe ina sha'awar wasan harbin saiti, irin na gasar Olamfik da wanda nake gani a YouTube, inda Amurkawa ke sayo sassa ɗaya bayan ɗaya su haɗa bindigarsu a kan tebur. Na ɗan tara kuɗi, ba masu yawa ba. Wani abokina ya ce in yi odar bututu da kunama da madubin hange ta intanet, sai maƙeri ya ƙera mini sauran. Wane sashe ya kamata in fi zuba wa kuɗi, wanne kuma zan iya lallaɓawa da mai araha? Takarda kawai nake son harbi, ba farauta zan yi ba.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tura kuɗi, domin shawarar abokin nan naka, in ka bi ta, ba filin wasa za ta kai ka ba, gaban alƙali za ta kai ka.

Mutanen da kake kallo suna aiki ne a ƙarƙashin dokar ƙasarsu. A Amurka, a yawancin bindigogin da ake haɗawa, sashe ɗaya ne dokar tarayya ke ɗauka a matsayin bindiga, wato uwar jikin da ke ɗauke da lamba. Ita ce ake karɓa ta hannun dila mai lasisi bayan an binciki mai saye. Bututu da gindi da kunama kuwa sai a aiko wa mutum har ƙofar gida. Shi ya sa bindiga irin Ruger 10/22, wadda ta fito tun 1964, ta zama kamar tsohuwar Honda a hannun bakaniken Sabon Gari: kowane ɓangare nata akwai mai sayar da madadinsa. A nan gida ba haka abin yake ba. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta ɗauki kowane sashe na bindiga a matsayin bindiga. Ta hana ƙerawa ko haɗawa ko gyarawa ba tare da izini ba, kuma hukuncin wanda aka kama da ƙira ko shigo da makami ta haramtacciyar hanya ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Bututun da za ka yi oda, tun a hannun kwastam zai zama shaida a kanka.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka da 'yan bindigar Sarki ke bugawa ranar hawan salla, lasisinsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Na ukun su ne suka shafe ka: bindigar farauta da ta wasa, har da bindigar iska, kuma Sufeto Janar ne ke ba da lasisinsu. Mutane da yawa na ɗaukar bindigar iska kamar abin wasan yara, alhali sunanta na rubuce a cikin jadawalin dokar. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Sannan a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka matakinka na farko shi ne ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha a Kaduna ka ji halin da ake ciki daga bakinsu, kuma ka nemi masu kula da wasan harbi ta ofishin wasanni na jami'a ko ma'aikatar wasanni ta jiha, ka fara da bindigar ƙungiya a filin da aka amince da shi.

Batun maƙeri kuma, ko da doka ta yi shiru, ni ba zan yi ba. A ƙasashe da yawa, bututun bindiga na kamfani sai an gwada shi da lodin da ya fi na kullum kafin a buga masa hatimi. A Birmingham ta Ingila akwai gidan gwajin da ke wannan aiki tun 1813. Ƙarfen da maƙeri zai samo a kasuwar 'yan gwangwan ba wanda ya san abin da zai iya ɗauka. Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya taɓa ganin mai yatsu uku.

To yanzu mu ɗauka Allah ya sa ka samu izini, ko kana zaɓen wadda za ka riƙa ara a ƙungiya. Abin da za ka "haɗa" shi ne cikakkiyar bindigar iska ta kamfani, da abin saiti, da harsashin da ya dace da ita. Kuma kada ka ga kamar an rage maka daraja. Harbin mita 10 da bindigar iska yana cikin Olamfik tun gasar Los Anjelis ta 1984, kuma da shi Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Bejin a 2008. Faɗin harsashin milimita 4.5 ne. Ɗigon tsakiyar takardar, mai maki goma, rabin milimita ne kacal, kamar inda ka ɗiga biro. Harbi 60 ake yi a tsaye, ba jingina, da bindigar da nauyinta bai wuce kilo 5.5 ba.

In kuɗinka kaɗan ne, kunama za ka fara dubawa. Na san ba ita ce ke ɗaukar ido ba, amma ita ce ke raba bindigar da za ta koya maka harbi da wadda za ta koya maka mugun hali. Kunama mai tauri, wadda sai ka matsa da ƙarfi kuma ba ka san inda za ta saki ba, tana sa bakin bindiga ya kauce daidai lokacin da harsashi ke fita. Da sannu sai hannunka ya saba da fizga, kuma cire wannan ɗabi'a ya fi koyon harbin wuya. Ka nemi mai hawa biyu: ka ja a hankali ta zo ta tsaya, ka ji kamar ka taɓa bango, ƙarin ɗan matsi kaɗan sai ta tashi, kuma kullum a wuri ɗaya. Kunamar Rekord da kamfanin Weihrauch na Jamus ke sa wa bindigoginsa ta yi suna ne saboda wannan. Gara tsohuwar bindiga mai kunama lafiyayya da sabuwa fil mai ƙyalli wadda kunamarta ke ƙugi kamar ƙofar langa-langa. Kuma kada ka bari wani ya goge maka ita da zarto wai don ta yi laushi. Haka ake samun bindigar da ke tashi da kanta.

Inda 'yan kasuwa suka fi cin kuɗin sababbin shiga shi ne maganar ƙarfi. Za ka ga an rubuta a kwali cewa harsashi na gudun ƙafa 1,000 ko 1,200 a daƙiƙa, wato wajen mita 305 ko 365. Yawanci da harsashi marar nauyi suke auna wannan, ba irin wanda za ka riƙa harbawa ba. Kuma gudun ba alheri ba ne gare ka. Harsashin bindigar iska siffarsa kamar kalangu take, tsukakken ƙugu da buɗaɗɗen gindi, kuma idan ya kusanci gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, sai ya fara tangaɗi. Bindigogin gasa na Feinwerkbau da Walther da Anschütz kusan rabin wannan gudun suke yi, wajen mita 170 a daƙiƙa, amma suna iya zuba harsashi goma a rami ɗaya. Takarda ba ta buƙatar a huda ta da fushi.

Ta fuskar yadda suke aiki, iri biyu ne za su zo gabanka. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Ita ce mai araha, ba ta buƙatar komai sai hannunka, kuma tana daɗewa. Aibinta shi ne tana zabura kafin harsashi ya bar bututu, don haka sai ka koyi riƙe ta sakwa-sakwa, a wuri ɗaya kullum, ka bar ta ta yi motsinta. Ɗayar kuma mai tukunyar iska ce, wadda ake kira PCP, ana cika ta har matsin iskar ya kai 200 ko fiye a ma'aunin da ake kira "bar". Ba ta zabura, ita ce ta 'yan gasa, amma kuɗinta bai tsaya a kanta ba: sai ka sayi famfo na musamman ko silinda, sai ka riƙa canza robobin da ke riƙe iska. Famfon mai faci ba zai cika ta ba, kuma wanda ya ɗura mata iskar oksijin ta masu walda ya haɗa wa kansa bam. Ga ɗalibi, ni mai sifirin marar ƙarfi sosai zan zaɓa.

Gindin bindiga ba ya son dogon bayani. Katako ko roba duk ɗaya ne, in dai ya yi daidai da jikinka. Ka rufe ido, ka ɗora ta a kafaɗa, ka kwantar da kunci, sannan ka buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka karkata kai kafin ka ga saiti, ba taka ba ce. Ka kuma gane idon da ya fi rinjaye a cikin idanunka, domin akwai na-dama da idonsu na hagu ne ke jagora, su yi ta kuskure suna zagin bindiga.

Madubin hange shi ne abin da matasa suka fi ɗoki, kuma shi zan ce ka jinkirta. A gasar mita 10 ba a yarda da madubi mai jawo nesa kusa ba, da saitin rami ake harbi: ƙaramar huda a baya, zobe a gaba, ka sa baƙin da'irar takarda a tsakiyarsu. Wanda ya fara da wannan ya koyi tushen abin. In daga baya ka so madubi don harbin mita 25 ko 30, ka kula da abu biyu. Bindigar sifirin tana bugu baya sannan ta buga gaba, kuma wannan bugu na biyu yana wargaza cikin madubin da ba a yi shi dominta ba, ko da mai tsada ne. Sai ka tabbata an rubuta cewa na bindigar iska ne. Na biyu, madubai da yawa an daidaita su ne don nisan yadi 100, a kusa sai ka ga giciyen saitin da ke cikin madubin na yawo a kan takarda in ka motsa kai. Ka nemi wanda ake juya gabansa ya sauko har mita 10. Mai girmamawa sau huɗu ya ishe ka. Waɗannan masu jan wuta da koren wuta da lambobi barkatai da ake tallatawa da arha, araha ba ta ado. Kuma maɗaurin madubin kada ka raina shi: yawancin bindigogin iska layin da ake ɗaura madubi a kansu faɗinsa milimita 11 ne, kuma mai sifirin na son maɗauri mai ɗan ƙusa da ke hana shi zamewa baya. Na sha ganin yaro ya yi wata guda yana juya saiti, ashe sukurori biyu ne suka kwance.

Kuɗin da ka ƙi kashewa a madubi, ka zuba shi a harsashi. Kowane bututu da irin wanda yake so, ko da bindigogi biyu daga kamfani ɗaya suka fito. Na takarda mai shafaffen kai ne, nauyinsa kusan rabin giram, yana yanka rami tsaf yadda za a iya ƙirga maki. Na kamfanonin JSB da H&N da RWS su ne sanannu, gwangwani ɗaya kan ɗauki 500, kuma a ƙarƙashinsa za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50 ko 4.51, wato faɗin kan harsashin a milimita. Wannan bambancin da ido ba ya gani yana iya raba rami ɗaya da warwatse. Ka ɗora bindigar a kan jakar yashi, ka harba goma-goma da kowane iri, ka riƙe wanda ya fi taruwa. Dalma ce, don haka ban da sa shi a baki, kuma a wanke hannu kafin a ci tuwo.

Yanayin Zariya ma yana da nasa haraji. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina ta cinye robar bakin bututu, damina kuma tana kawo tsatsa cikin 'yan kwanaki in ka ajiye ƙarfe da gumin hannu a jikinsa. Tsumma mai ɗan maiƙo a goge waje ya wadatar. Amma kada ka ɗiga man inji ko man keken ɗinki a ramin da iska ke fitowa: matsin yana kunna man kamar injin dizal, ya yi ƙara, ya ƙone roba, wani lokaci ya karya sifirin. Haka nan ba a harba mai sifirin babu harsashi a ciki, kuma lokacin ɗuri hannu ɗaya na riƙe da bututun da aka karya, yatsa nesa da kunama.

Kafin duk wannan, ka tanadi akwati mai kwaɗo, da tabaran kare ido, da abin tare harsashi a bayan takarda. Gidajenmu a manne suke, bayan katanga akwai yara da awaki, kuma harsashi na dawowa in ya bugi siminti. Ka kuma tuna da halin da ake ciki a yankinmu, daga Giwa zuwa Birnin Gwari. Bindigar iska mai madubi, daga nesa ba ta da maraba da ta gaske a idon soja ko ɗan sintiri a shingen hanyar Kaduna. In za ka fita da ita, tana cikin jakarta a rufe, babu harsashi, takardar lasisi na aljihun gaba, kuma kai ne za ka fara faɗa musu abin da ke cikin jakar tun kafin su buɗe.