Ga mai tambaya a kan abokin ɗakinsa ɗan Hindu

Ƙanina, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi tagumi. Ka ce abokin ɗakinka ya jera gumaka a kan tebur, da sassafe yana kunna turaren tsinke, amma daren Asabar a buge yake dawowa, don haka kana ganin addinin nasa na fatar baki ne, kana tambaya ko ka ci gaba da dafa abin da ka ga dama. Wannan lissafin ne ya kai ni ya baro.

Shekara uku na yi da nawa abokin ɗakin a Greater Noida, wani gari kusa da Delhi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Karatun kwamfuta yake yi. Yana cin kaza a waje, in uwarsa ta kira shi ta bidiyo ya tura farantin ƙarƙashin gado. Da bakinsa ya ce min rabin labaran da kakarsa ke ba shi bai yarda da su ba. Amma jan zaren nan na wuyan hannunsa ba ya rabuwa da shi, ranar Talata ba ya taɓa nama saboda Hanuman, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ranar jarrabawa kuwa sai ya tsaya gaban Ganesha, mai kan giwar nan, kafin ya fita. Ni da shegen sanina na ce ai duk sabo ne.

Na dawo daga hutu da kilishi. Ya ɗanɗana, yana ta santi, ya ci ya ƙara. Sai da ya lashe hannu ya tambaye ni naman mene ne. Na ce saniya, ina dariya. Dariya fa! Har yau in na tuna sai jikina ya mutu. Ya tashi ya shige banɗaki, ina jin shi yana kakarin amai. Ya yi wanka, ya fito ya zauna bakin gado yana hawaye, ƙato da shi. Abu ɗaya ya ce min: da shi ne ya ba ni alade ya yi shiru, yaya zan ji? Ban sami bakin amsawa ba. Kwana goma ko kallona bai yi ba.

Ban san ta inda maganar ta isa kunnen mai gidan ba, kuma ta faɗo a cikin Navratri, kwana taran nan da wasunsu ko albasa da tafarnuwa ba sa ci. Mutumin nan ya hawo da ƙarti biyu, ba sallama ba ƙwanƙwasawa. Ya zazzage firiji, ya watsar min da tukunya a ƙasa, ya buɗe akwatina da ƙafa, yana ta zagi da Hindi, maƙwabta sun cika ƙofa. Kun san Dadri a gundumarmu take, inda aka kashe wani Musulmi a 2015 kan jita-jitar naman saniya, kuma kun san dukan da aka yi wa 'yan Najeriya a Maris 2017. Gwiwoyina rawa suke. Wa ya tsaya tsakanina da su? Wannan yaron da na cuta. Ya ce naman akuya ne, shi ma ya ci. Duk da haka mai gidan ya ba ni kwana biyu in kwashe kayana, ya riƙe kuɗin ajiyata na wata biyu, har da ƙaryar na fasa masa famfo. Famfon da tun ranar da na shiga yake ɗiga! Ban yafe masa ba, Allah ya isa.

To ka zaunar da shi ka tambaye shi abin da yake ci da wanda ba ya ci, da ranakunsa. Kada ka auna shi da wani ɗan Hindun, kowane gida da nasu tsarin. Ka raba tukunya da cokali. Naman da mahauta ke sayar mana a matsayin jan nama a Uttar Pradesh na ɓauna ne, yanka saniya laifi ne a dokar jihar, amma ko shi ka nannaɗe shi kafin ya shiga firiji. Kuma don Allah masu zuwa hutu ku daina cika jaka da kilishi da dambun nama.

Maganar salla kuwa, ka tuna alƙibla a nan yamma take, ba gabas ba kamar gida. Mu sai ya mayar da gumakansa cikin ƙaramar kabad ta ɓangaren gabas, in zan yi salla ya rufe. Hukuncin kuma ka tambayi malami, ni ba malami ba ne. In ya miƙo maka alawar da suka yi bauta da ita, ka ce masa addininka bai yarda ba, cikin mutunci. Nawa bai taɓa jin haushi ba, kuma shi ke tashina sahur in na makara.

Af, kuɗin ajiya kada ka bayar sai da rasit, ka ɗauki hoton kowane famfo. Ba ka faɗi garin da kake ba. In a jihar Kerala ta kudancin Indiya kake da sauƙi, can har 'yan Hindu da yawa suna cin naman shanu. In arewacin Indiya ne, ka yi min magana ta akwatin sirri yau ɗin nan.