Ku Tambayi Tsohon Direba: Shi Ke Riga Kowa Dawowa, In Kore Shi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mace ce a nan Tawa. Maigidana ya rasu bara, ya bar mana manyan motoci biyu, ni ke kula da su don yara ba su kawo ƙarfi ba. Ɗaya tana jigilar albasa daga Galmi, ɗayar siminti da kayan ƴan kasuwa tsakanin Yamai da Tawa. Direban ta biyun ne ya hana ni barci. Mutum uku sun kira ni sun ce sun gan shi yana tsere da wata tirela kusa da Konni, kwanan baya kuma ya banke amalanken jaki a bakin wata kasuwar ƙauye, Allah ya tsare yaron da ke kai. Ƙanen maigidana ya ce in kore shi. To amma shi ne mai kawo kuɗi, kullum shi ke riga kowa dawowa. Yaya zan yi? Daga Hajiya, Tawa.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ba zai yi miki daɗi ba: ki sake karanta ƙarshen wasiƙarki. Kin ce shi ke riga kowa dawowa, kuma da yabo kika faɗe shi. Shi ma ya san yabo ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na shekara da shekaru ina jan babbar mota kafin gwiwa ta sauke ni, na kuma san yadda ake lissafin nan. Ana danƙa wa direba kuɗin hanya a dunƙule: na gazuwal a ciki, na shingen jami'ai a ciki, na abincinsa da na yaron mota a ciki, abin da ya yi saura nasa ne. Albashin wata kuwa, in ma akwai, bai kai ya riƙe gida ba. To mutumin da aka yi wa wannan tsari me zai yi? Zai cire giya a gangara ya saki mota tana tafiya da nauyinta don ya rage shan mai. Zai ɗora buhu ashirin na wani ɗan kasuwa a kan naki, ya ɗora mutane a kan buhunan. Zai kwana yana tuƙi don ya yi sawu huɗu inda abokansa suka yi uku. In ban da tseren, abin da kika rubuto daga nan ya fito, kuma in kin kore shi kin ɗauko wani kin ba shi irin wannan lissafi, wata uku ya isa ki sake rubuto mini.

Bari in ba ki labarin da ba na son bayarwa. Wata shekara lokacin albasa, ana tsakiyar zafi, mai kaya ya tsaya a kaina yana cewa albasa ba ta jira, rana ɗaya in ta ƙaru asara ce. Na yi lodi da la'asar, ban runtsa ba tun daren jiya, na cika kumatu da goro, na sha shayi kofi uku na kama hanya. Tsakanin Konni da Dogon Dutsi, gab da asuba, na tuna ina kallon farin layin gefen kwalta. Abin da na sake sani shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da yaron motata yana dukan kafaɗata yana salati. Mun sauka daga kwalta, gaban motar ya tsaya taku kaɗan daga wata rumfar zana. Da na leƙa, mutum biyu ne kwance a ciki da wata ƴar yarinya, ko motsi ba su yi ba. Na zauna a ƙasa na jingina da taya, ƙafata ta ƙi ɗaukata har gari ya waye. Da na isa, mai kaya bai tambaye ni komai ba sai me ya sa na makara.

Mutane ba sa yi wa barcin nan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa uku, motarki ta yi mita 66 babu kowa a sitiyari, fiye da rabin filin ƙwallo. Birki ma haka: in aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Ga kuma abin da ake saye da wannan kasada. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne. Mai tafiya 60 zai yi awa tara da ƴan mintoci, mai tafiya 80 zai yi kusan bakwai. Awa biyu ke nan, wadda sau da yawa a layin sauke kaya za ta ƙare. Siminti kuwa ban taɓa jin ya ruɓe a hanya ba.

Saboda haka ki fara da aljihunsa. Ki yanka masa albashin da zai iya riƙe iyali ko da motar ta kwana uku a gareji. Ki raba kuɗin mai da kuɗin cin abincinsa, ya riƙa kawo takardar gidan mai. In kina ba shi lada don ya dawo da wuri, ki mayar da shi ladan wata uku babu karo, babu tara, babu ƙorafi. Kuma ki daina kiransa a waya kina cewa "kana ina yanzu?" Mu direbobi mun san fassarar wannan tambaya, ita ce taka mota. Ki bari shi ya kira ki in ya tsaya.

Sai lokacin hutu. A Turai doka ta hana direban babbar mota ya wuce awa huɗu da rabi a sitiyari bai huta minti 45 ba, a yini kuma awa tara ce ƙa'ida, akwai na'ura a motar mai rubuta komai. Mu nan sallah ta riga ta yanka mana zango, in da za mu bi ta. Ki ce masa duk lokacin sallah ya tsaya, ya zagaya motar ya taɓa tayoyi da gangunan birki ya ji zafinsu, kuma daga sha biyun dare zuwa asuba motar a ajiye take. In kina da hali ki sa a liƙa mata na'urar GPS, za ki ga gudunta da inda ta kwana a wayarki. Amma ki gaya masa kin sa. Abin da ake so ya rage gudu, kama shi da laifi ba ya gyara amalanken kowa.

Maganar lodi kuwa taki ce tsaf, kada ki ɗora masa. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ce layin taya guda na baya kada ya ɗauki fiye da tan 11 da rabi, ko 12 in tayoyin biyu-biyu ne, babbar tirela kuma da ita da kayanta kada su wuce tan 51. Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Abalak da Agadas ya ga abin da nauyi ya yi wa kwaltar da aka shimfiɗa don yuraniyom ɗin Arlit. Amma tun kafin kwalta ta fashe, birkin motarki ne ke ƙonewa. Birkin da ya yi zafi a gangara, ka taka ka ji kamar ka taka soso. In ɗan kasuwa ya ce a ƙara buhu kaɗan, direba ba shi da bakin ƙi sai in ya san uwar ɗakinsa na bayansa. Takardar duba lafiyar mota ma, motar ce ya kamata ta je a duba ta, kada a kawo miki takarda gida motar tana Konni. Babbar mota ba ta faɗuwa ita kaɗai. Ƴan Yamai ba su manta da watan Mayun 2019 ba, da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu a daren.

Tseren da aka ce ya yi, wannan nasa ne shi kaɗai, babu lissafin da ya sa shi. Ki zaunar da shi gaban ƙanen maigida da wani dattijo daga ƙungiyar direbobi, a faɗa masa sabon tsari, a faɗa masa ranar da aka sake ganinsa kafaɗa da kafaɗa da wata mota ya ajiye makulli. In ya sake, ki karɓa ba tare da jin kunya ba. Mai amalanken kuma, in ba a je an gan shi ba, a je.

TAMBAYA: Baba, ni yaron mota ne a Yamai, shekarata biyu ina bin maigidana. In barci ya kama shi da dare yakan ba ni sitiyari, ba ni da permi, wato lasisin tuƙi. Wani lokaci kuma ya sha tramol ya ce yana hana gajiya, har ya miƙo mini. Ina tsoron in ƙi ya sallame ni.

AMSA: Ɗana, tramol maganin ciwo ne, gajiyar tana nan, jinta kawai ya ɗauke maka. In an sha da yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ka ƙaddara ta kama maigidanka yana kan gadar Kennedy da yamma. Kada ka karɓa, ka ce cikinka ba ya ɗauka. Sitiyarin dare ma kada ka karɓa: in wani abu ya faru, inshora za ta zame, jandarma kai za su riƙe, shi kuwa zai ce barci yake yi. Ka roƙe shi ya koya maka da rana, a fili, motar babu kaya, kana tara kuɗin permi. In ya fara lumshe ido da dare, ka ce masa ka ji taya na wari a tsaya a duba. Da kun tsaya ka shimfiɗa masa tabarma.