Amsa: Za a ɗora Baba a inji, alhali zuciya ce ke damunsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce likita a nan Gombe ya ce za a ɗora mahaifinki a injin wankin ƙoda don a cire masa ruwa, kina tsoron ko ƙodar ce ta mutu. Kwantar da hankalinki tukuna. Bara aka yi wa Innarmu, ita ma zuciya ce ke damunta, ni na yi jinyarta.

Idan zuciya ta gaza tura jini sosai, ƙoda sai ta ɗauka jiki ya bushe, ta dinga riƙe gishiri da ruwa. Ƙafar Inna ta kumbura har silifas ba ya shiga, in kin danna da yatsa ramin ya zauna. A zaune take kwana, filo uku a bayanta, don tana kwanciya numfashi zai sarƙe. Ƙwayar Lasix, maganin sa fitsari don rage ruwan jiki, ta daina yi mata aiki, likita ya ce hanjin ma ya kumbura, ba ya tsotse magani. Aka koma allurar jijiya, aka haɗa da wani maganin fitsarin, abin bai taka kara ya karya ba. Sai a nan aka ambaci inji.

To, nan nake so ki tsaya ki tambayi likitan Baba: an ƙure allura? Inji ba shi ne matakin farko ba. Wani bincike da aka fitar a 2012 kan marasa lafiya 188 ya nuna ƙara magani daki-daki ya fi inji sauƙi ga ƙoda, nauyin da aka rage kuma kusan ɗaya ne.

Aikin kansa: aka sa mata bututu a jijiyar wuya, jini ya fita ya bi ta matata, ruwa da gishiri suka tsiyaye, jinin ya koma. Ana sa maganin hana jini daskarewa. Can tsakiya jininta ya sauka, ta ce jiri take ji, ƙafa ta ɗaure, nas ta rage gudun injin. Kar ki matsa a cire da yawa don a gama da wuri. Sau biyu aka yi mata, ba a sake ba har yau. Daren na biyu ta kwanta da filo ɗaya, ni kuwa na kasa barci ina sauraren minsharinta.

Inji dai ruwa ya cire, bai gyara zuciya ba. Rigimarmu a gida aka yi ta, a kan gishiri: dunƙule, kunun kanwa, kilishi, duk sai da muka raba ta da su, ta yi fushi da ni sati guda. Diclofenac ɗin da take saya a kemis don gwiwa ma aka hana, yana riƙe ruwa. Na sayi sikeli, kullum da safe bayan ta yi fitsari tana hawa, ina rubutawa a bayan kalanda. In ta ƙara kilo 2 cikin kwana 3, asibiti muke tafiya ko da ta ce lafiyarta ƙalau.

Ki tambayi kuɗin bututun daban, mu ba mu san ba ya cikin kuɗin inji ba. Allah ya ba Baba lafiya.